LALLE, KWALLI DA SHUNI: TARIHIN ADON JIKI A ƘASAR GURE DA SAURAN DUNIYA

 A wannan fitowa ta takardar ƙungiyarmu mun ga ya kamata mu waiwayi wani abu wanda kullum yana gabanmu har ido ya saba da shi, watau adon da ake yi wa fatar jiki: lalle, kwalli, shuni, katambiri, fure da tsaga.

Watakila wani ya ce ai wannan zancen mata ne, me ya kai shi takardar ƙungiya? To, dalili yana nan. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa aiko da kuɗin biki ya san akwai rabon mai ƙunshi a ciki. Kuma abin da ake shafa wa 'ya'yanmu a yau ya bambanta da wanda aka shafa wa kakanninmu, har waninsa yana kai mutum gadon asibiti. Bugu da ƙari, tsofaffin da suka san ganye da saiwa da ma'anar kowane zane suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka zance ne na kowa da kowa.

TUN KAFIN A SAN RUBUTU

Shafa launi a jiki ya girmi noma, ya girmi saƙa, ya girmi rubutu. A wani kogo da ake kira Blombos, a bakin teku can ƙasar Afirka ta Kudu, masu tonon tarihi sun samo kwanson dodon-koɗi na teku guda biyu a shekarar 2008, da sauran jar ƙasa a ciki wadda aka niƙa aka kwaɓa da gawayi da ƙashi. Da aka auna, sai aka ga ta kai wajen shekara 100,000. Masu binciken suna ganin da ita ake shafe jiki ko fatun dabbobi.

Kusa da mu kuma, a duwatsun Tassili da ke wajen Janet ta Aljeriya, garin da samarinmu da yawa suka sani, akwai hotuna a jikin dutse waɗanda aka zana tun hamada tana da ruwa da ciyawa. Wani Bafaranshe mai suna Henri Lhote ya kwafo da yawa daga cikinsu a 1956 da 1957. A ciki ana ganin mutane da ɗigo-ɗigo da layuka a kafaɗa da ƙirji da ƙafa, alamar mutanen Sahara na dauri ma suna yi wa jikinsu ado.

Mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni, maza da mata, suna sa kwalli, ana kuma binne su da 'yan tuluna na kwallin. Da aka kai gawar Fir'auna Ramsis na Biyu birnin Faris a 1976 don a yi mata magani kada ta lalace, sai aka tarar gashin kansa rinanne ne da lalle. Ke nan tsohon da ya rina furfura ran Juma'a yana bin hanyar da aka bi sama da shekara 3,000.

YADDA LALLE YA ISO MANA

Itacen lalle yana son zafi, yana kuma jure ƙishi, shi ya sa ya karɓi ƙasa irin tamu. Labarinsa mafi daɗewa a rubuce game da wannan yanki yana cikin littafin al-Bakri, malamin Andalus, wanda ya kammala a 1068. Da yake bayanin Audagust, babbar kasuwar fatake a ƙasar da yau ake kira Muritaniya, ya ambaci gonakin dabino da itatuwan lalle masu yawan amfani.

Sunan ma kansa yana nuna hanyar da ya biyo. Larabawa suna cewa hinna, Buzaye suna cewa anella, Barebari suna cewa nalle, Hausawa lalle, Yarabawa kuma lali. Masana harshe suna ganin daga bakin Buzaye kalmar ta gangaro kudu, tare da ayarin raƙuma, kowace kabila ta lanƙwasa ta yadda harshenta ya iya.

Mu kuwa Gure a kan mararraba take. A da ƙasar Muniyo tana ƙarƙashin Barno, gishirin Manga da kanwar kwarurukanmu suna tafiya kudu da yamma, a dawo da tufafi da goro da kayan ƙawa. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Gure a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya kuma gana da Muniyoma Koso. Garin da Manga, Dagira, Hausawa, Fulani, Buzaye da Tubawa suke haɗuwa a kasuwa ɗaya, dole adonsa ya zama gauraye, kowa ya ari na maƙwabcinsa.

ABIN DA MATAFIYA SUKA GANI

Kafin Barth, wani Baturen Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya iso Kukawa a 1823, ya shiga Kano a watan Janairu na 1824. Ya rubuta cewa matan Kano suna rina gashi da gira da shuni, maza da mata kuma suna jajanta haƙora da leɓe da furen gurjiya da furen taba. Dattawanmu ba sa bukatar a fassara musu wannan, don sun ga zamanin da budurwa ba ta fita dandali sai ta ci goro ta goga fure.

Shuni kuwa yana da wata hanya ta hawa jiki. Marinan Kano da na Kura suna rina rawani da turkuɗi, a buga su da shuni har su yi ƙyalli, a kai wa Buzaye. Mai naɗin yana gumi, shunin yana zuba a goshi da kumatu, shi kuwa ba ya wankewa, domin alama ce ta cewa rawaninsa mai tsada ne. Daga nan Turawa suka laƙaba wa Buzaye sunan shuɗɗan mutane. Tun da wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, noman baba ya yi ta ja da baya, karofi da yawa suka mutu.

Akwai kuma shaidar mace da bakinta. Baba ta Karo, wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954. A ciki ta bayyana yadda ake kama amarya a sa ta a lalle tana kuka tana gudu, ƙawaye suna taya ta. Duk wadda aka yi wa aure a ƙauyukanmu kafin zuwan waya, in aka karanta mata, za ta ce ai labarinta ne.

KAYAN ADON GIDA DA YADDA SUKE AIKI

Lalle: a tsinko ganye, a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, wasu su matsa lemun tsami. A shafa, a naɗe ƙafa da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru. A cikin ganyen akwai wani jan sinadari mai kama fatar sama da farce da gashi. Inda fata ta fi kauri, watau tafin hannu da tafin ƙafa, nan ya fi kamawa. Yakan ƙara nuna bayan kwana ɗaya ko biyu, ya koɗe cikin mako biyu zuwa uku yayin da fatar sama take saɓulewa. A farce kuwa ba ya fita sai farcen ya tofo an yanke, abin da kan ɗauki wajen wata biyar ko shida. Don haka ne tsohuwa takan dubi farcen yarinya ta faɗi ko wata nawa ke nan da bikinta. Ban da ado, mutanenmu suna ƙunsa shi don sanyaya ƙafa a bazara da kuma rage kaushi da faso.

Kwalli, wanda wasu ke kira tozali, dutse ne mai walƙiya. Mafi yawan wanda ke zuwa kasuwanninmu daga kudu, daga ramukan ƙasar Binuwai yake fitowa, kamar Zurak da Arufu, da kuma Abakaliki ta ƙasar Ibo. Fatake su kawo, mata su niƙa shi lilis su zuba a tandu. Za mu koma kan zancensa a gaba, domin akwai magana.

Katambiri da gauɗe 'ya'yan itace ne da ake matse ruwansu, a ɗiga a fuska da tsinke. Da fari ba ya nuna kome, sai an jima ya koma baƙi, ya yi kwanaki kafin ya goge. Majigi kuma, ba na kallon hoto ba, jan itace ne na kurmi da ake niƙawa a shafa a jiki. Yarabawa suna kiransa osun, suna shafa wa jarirai da amare.

AURE, JEGO DA TAKABA

Abin lura shi ne, a wurinmu launi yana ba da labari tun mai shi bai buɗe baki ba. In an ce an sa wance a lalle, kowa ya san aure ya tabbata, babu sauran ja da baya. Gwaggo ko kaka ce take kamu, alwanka ta yi wanka, ƙawaye su tsare ɗaki. A wurare da yawa ango ma ana sa shi a lalle, abokai su kewaye shi, musamman in auren fari ne. Barebari suna da ranar nalle tasu a cikin kwanakin biki. Mai jego in ta gama wankan arba'in takan yi kitso da ƙunshi, alamar ta fito lafiya. Daren Salla kuwa kowace yarinya da ƙafa a ɗaure take kwana.

Rashin adon shi ma magana ne. Matar da mijinta ya rasu tana barin lalle da kwalli da turare har wata huɗu da kwana goma. Ranar da ta fita takaba, 'yan'uwa mata sukan taru a yi mata kitso da ƙunshi, watau an dawo da ita cikin mutane.

Malamanmu sun daɗe da bambance tsakanin waɗannan abubuwa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da ake karantawa a kowane zaure, an nuna babu laifi a rina gashi da lalle, an karhanta rina shi baƙi, an kuma hana mata zanen da ake huda fata a cusa baƙi. Wani abin da ya sa lalle ya zauna daram a gidan Musulmi shi ne ba ya hana ruwan alwala taɓa fata, saɓanin jan farce na kanti wanda yake rufe farcen ruf.

FULANIN DAJI

A duk ƙasar Nijar babu waɗanda adon fuskarsu ya yi suna a duniya kamar Wodaɓe, waɗanda muke kira Bararo, masu bin jajayen shanu a dajin arewa da gabas da mu, wajen Tasker da Tanut har Difa. A wurinsu namiji ne yake kwalliya. In damina ta ja baya, shanu sun ƙoshi, dangogi sukan haɗu a yi yake da gerewol. Saurayi ya ɗauki ɗan madubi ya yini yana shafa rawaya ko jar ƙasa a fuska, ya ja layi daga goshi zuwa haɓa don hanci ya ƙara tsawo, ya baƙanta leɓe da ido don farin haƙori da farin ido su fito. Su jeru suna rausaya suna zare ido, 'yammata su zaɓi wanda ya fi. Barebari da Fulani taubasai ne, saboda haka in mun ce sun fi matansu daɗewa gaban madubi, ba za a kai mu ƙara ba.

Littafin hotuna na Carol Beckwith da Marion van Offelen ya fito a 1983, sinimar Werner Herzog ta biyo baya a 1989, daga nan fuskar Bararo ta shiga jaridu da kalandu na ƙasashen Turai. Baƙi suka riƙa zuwa taron shan gishiri na Ingal a watan Satumba don su ɗauki hoto. An sami kuɗi, gaskiya ne, amma an kuma sami rawar da ake yi don baƙo, ba don zaɓen 'yammata ba. Su kansu dattawan Wodaɓe sun fi kowa sanin bambancin.

TSAGA DA ZANE

Lalle yana gogewa, tsaga kuwa har kabari. Wanzami yana yi wa jariri da aska, sau da yawa ranar suna, a shafa baƙin tukunya ko gawayi don ta fito. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, tsaga ita ce takardar shaida: da ita ake gane Babarbare da dogayen layukansa, a gane Bagobiri, a gane Badauri, har wanda aka sace yana yaro ya iya komawa ga danginsa. Akwai kuma ta ƙawa kawai, kamar bille da 'yar baka da kalangu. Matan Fulani suna baƙanta kewayen baki da ƙaya, haka kuma a Cadi da Sudan an daɗe ana huda leɓen ƙasa na 'yammata a cusa baƙi.

Yau wannan al'ada ta ja baya ƙwarai. Wa'azin malamai, shiga lakwal, katin ɗan ƙasa da tsoron cututtukan da aska ɗaya take ɗauka daga jini zuwa jini, duk sun taru sun rage ta. A Nijeriya dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko zane. Ba muna kira a koma ba ne. Sai dai yana da kyau a san sunan kowace tsaga da gidan da take nunawa, domin tarihin dangi ne aka rubuta a fuskar kakanninmu.

SAURAN DUNIYA

Kada wani ya zaci abin na baƙar fata ne kaɗai. Sarkin yaƙin Rumawa, Yuliyas Kaisar, da ya ƙetara Ingila shekara 55 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa mutanen can suna shafe jiki da shuɗi don su ba abokan gaba tsoro. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a kan duwatsun iyakar Italiya da Ostiriya, ya shekara wajen 5,300 a kwance, an ƙirga zane 61 a jikinsa, da yawa a kan gaɓoɓin da ke masa ciwo, kamar dai sakiyar wanzamanmu.

A Indiya da Pakistan amarya tana da daren lalle, su suna ce masa mehndi, garin Sojat na jihar Rajastan kuma ya yi suna wajen nomansa. Matan Himba na Namibiya suna kwaɓa jar ƙasa da man shanu su shafe jiki da gashi, ado ne kuma kariya daga rana. Matan Ibo suna da zanen uli. Mutanen kurmin Amazon a Amurka ta Kudu suna da wani ɗan itace da ruwansa yake komawa baƙi a fata, abin mamaki kuma masana tsirrai sun sa shi dangi ɗaya da gauɗe da katambirinmu. Teku ta raba mu, amma dabara ta zo ɗaya.

ZAMANI YA ZO DA NASA

Ƙunshin iyayenmu shafe ne: tafin ƙafa duka, yatsu, da ɗan da'ira a tafin hannu. Daga baya aka shigo da yanka salatif a manna don a fitar da zane, aka zo da gishirin lalle mai mai da ja ya koma baƙi. Sinimar Indiya, zuwa aikin Haji da cuɗanya da mutanen Sudan suka kawo zanen fulawa da ake matsowa daga leda, tare da dilka da halawa. Yanzu kuwa yarinya a Kelle ko Bune tana ganin zanen Dubai a WhatsApp da safe, da yamma ta ce shi take so. Ƙunshi ya zama sana'a mai ci, mata da yawa da shi suke sayen sabulu da littattafan yara, kuma wannan abin a yaba ne.

Launi a jiki ya shiga wasu ayyukan ma. Ranar zaɓe ana shafa wa yatsa tawada mai wuyar fita don kada mutum ya jefa ƙuri'a sau biyu, dabarar da Indiya ta fara aiki da ita a 1962. Da 'yan ƙwallonmu na Mena suka je gasar Afirka a 2012 da 2013, mun ga samari sun shafe fuska da ruwan goro da fari da kore. A Ostiriya a 1998 aka fara taron gasar zanen jiki na duniya. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa lalle cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, bisa roƙon ƙasashen Larabawa 16, cikinsu har Aljeriya, Sudan da Muritaniya. Nijar ba ta cikin masu roƙon, alhali a 2014 an karɓi wasan taubasantakarmu a wannan jeri. Wanda bai rubuta nasa ba, sai ya ji ana kiran abin da sunan wani.

GARIN GYARAN GIRA

A nan ne muke roƙon iyaye mata su saurara da kyau. Lallen gaskiya ja ne ko ruwan ƙasa, kuma yana son a ba shi sa'o'i. Baƙin nan da ake kira dayis, mai kamawa cikin rabin sa'a, yawancinsa maganin rina gashi ne mai wani sinadari da likitoci ke taƙaita sunansa da PPD. A Turai an yarda a sa kaɗan a rinin gashi, amma an hana zana shi a fata. Wadda jikinta bai karɓe shi ba, bayan 'yan kwanaki zanen yakan kumbura ya yi ƙuraje da ruwa, ya bar tabo daidai siffar fulawar. In jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada, kuma karo na biyu ya fi na farko muni. Likitocin Hartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kawo musu tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar lallen da aka gauraya da wannan sinadari, 13 daga ciki suka rasu.

Ko jan lalle na gida ma ba a shafa wa jariri. Akwai yaran da ake haifa da wani rauni a jini wanda ba a gani da ido, ya fi yawa ga maza, kuma yana da yawa a ƙasashenmu. Irin wannan yaro in an shafe shi da lalle, jininsa yakan narke, ido ya yi rawaya, numfashi ya yi wuya.

Sai kwalli. Dutsen nan mai walƙiya mahaifar dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, dalma ta taru a jiki, ta daƙushe ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da an lura ba. Wanda yake shakkar sharrin dalma ya tuna Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara sama da 400. Kakanninmu sun sa wa jarirai kwalli da kyakkyawar niyya, don ido ya yi haske. Da sun san abin da aka auna a yau, su ne za su fara hanawa. Hausawa sun ce garin gyaran gira kada a rasa ido.

SHAWARARMU

Na farko, kowane gida mai rijiya ko ɗan lambu a kwari ya dasa lalle a jikin shinge. Yana kama ƙasa, yana tare iska, ganyensa kuma kuɗi ne, a ƙasar da rairayi yake cin gonaki kowace shekara.

Na biyu, 'yan'uwa na ƙetare masu haɗo lefe su dubi abin da suke saye. Garin lalle kore mai ƙamshin ganye shi ne abin nema. Kwalba ko ledar da aka ce tana baƙanta hannu nan take, a bar ta a kanti. Amarya kuma ta tambayi mai ƙunshi abin da ta zuba, ba rashin kunya ba ne. In zane ya fara ƙaiƙayi ko kumburi, a wanke a tafi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Na uku, a daina sa wa jarirai da ƙananan yara kwallin dutse da lalle.

Na huɗu, 'yan makarantarmu in sun zo hutu su zauna da kakanninsu mata da wanzamai, su rubuta sunayen tsaga, sunayen zane, itatuwan da ake amfani da su, da yadda ake sa lalle a wurin Manga, Dagira, Hausawa, Fulani, Buzaye da Tubawa. A miƙa wa magatakardan ƙungiya, mu kuma za mu riƙa bugawa kaɗan-kaɗan a wannan takarda. Dattijon da ya ga mun tsallake wani abu na garinsu, ƙofa a buɗe take, ya aiko mana.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, ya kare matafiyanmu, ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, amin. Wassalam.